AT ko MT a kan gargadar Gibb River, kuma da wane gudu?

Malam, tambayarka biyu ce a haɗe. Ka ce daga birnin Perth na Ostireliya za ka tashi da Hilux cike da kaya ka bi Gibb River Road, kana son sanin ko tayar MT, wato tayar laka mai manyan haƙora, za ka saya ko AT, wato tayar kwalta da daji, sannan ko lallaɓawa ake yi a kan gargada ko taka totur. Ka sayi AT wadda aka rubuta LT a jikinta, alamar tayar ƙananan motocin ɗaukar kaya, ka rage mata iska, ka riƙe gudu tsakanin kilomita 60 da 80 a awa a miƙaƙƙiyar hanya.

Fara da duba hanyar kanta. Gibb River kusan kilomita 660 ce a yankin Kimberley na yammacin Ostireliya, daga Derby zuwa kusa da Wyndham da Kununurra, kuma da rani ake binta, wajen Mayu zuwa Oktoba, don da damina rufe ta ake yi. Ke nan ba taɓo za ka tarar ba. Abin da ke jiranka gargada ce, irin wadda duk wanda ya san hanyar burji a Arewa ko a Nijar ya sani, sai duwatsu masu kaifi, sai mashigai irin na kogin Pentecost mai duwatsu a ƙasansa.

An yi MT ne don laka. Gibin da ke tsakanin haƙoranta yana tofar da taɓo yayin da take juyawa, amma a busasshiyar tsakuwa wannan gibin asara ne: robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce, burki ba ya kamawa da wuri. Ga nauyi, ga shan mai, ga kuka a kwalta, kuma kafin ka isa Derby daga Perth sai ka ci kwalta fiye da kilomita 2,000 kana jin wannan kukan. A ba ta haƙƙinta, yawancin MT gefenta na da kauri, dutse ba ya yanka shi da sauƙi. AT haƙoranta sun fi matsuwa, ta fi zama daram a tsakuwa, ta fi riƙe kwana, ta fi daɗewa. Aibinta shi ne tana cusa ƙananan duwatsu a zanenta. Tayar kwalta zalla kuwa, wato HT, a bar ta a gari.

Sai dai zane ba shi ne babbar magana ba, ginin cikin tayar ne. Ajiye tayoyi biyu masu girma ɗaya gefe da gefe: ɗaya 265/65R17 mai lambar kaya 112, ɗaya LT265/65R17 mai 120. Ta farko kilo 1,120 take ɗauka, ta biyu kilo 1,400. Ta biyun an ƙara mata ƙarfi a ciki da gefe, shi ya sa take jure dukan dutse da zafi idan mota ta yi lodi. Kuɗinta ya fi yawa, ta fi tauri a jiki, kuma tana buƙatar iska fiye da ta farko kafin ta ɗauki kaya iri ɗaya. Duk da haka AT mai LT ta fi AT maras LT nesa ba kusa ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin AT da MT.

Girman rim ma yana da tasiri. Tsayin gefen taya a 265/65R17 milimita 172 ne, a 265/60R18 ya koma 159, a 265/50R20 kuwa wajen 132. Wannan gefen shi ne katifar farko tsakanin mota da gargada. Idan gajere ne, da ka rage iska dutse zai matse shi a jikin rim ya tsaga. Rim mai inci 16 ko 17 shi ne na daji, 20 na ado ne.

Yanzu iska, inda aka fi yin kuskure. Motar da ke tafiya da 38 zuwa 40 psi (ma'aunin iskar taya) a kwalta, idan ta sauka burji a mayar da ita wajen 26 zuwa 30, na baya su ɗara na gaba da 2 zuwa 4 idan akwai lodi. Taya mai iska tam kamar ganga take: tana tsalle a kan kowane tudu, kuma dutse mai tsini huda ta yake yi kai tsaye. Wadda aka sassauta tana lanƙwasa ta rungumi dutsen ta wuce. Amma lanƙwasar nan zafi take haifarwa, don haka rage iska da rage gudu tare suke tafiya; kada ka haura 80. Direbobin can suna da wani gwaji mai sauƙi: auna iska da safe taya na sanyi, yi tafiyar awa guda, sake aunawa. In ta ƙaru da kamar 4, daidai ne. In ta wuce haka sosai, ko iskar ta yi kaɗan ko gudun ya yi yawa. Da ka koma kwalta, tsaya ka mayar da iskarka.

Maganar lallaɓawa da takawa kuma, kowanne yana da wurinsa. A kilomita 15 zuwa 20 taya tana hawa kowane tudu tana sauka, motar ba ta wahala, amma kwana za ka yi a hanya. Tsakanin 30 da 50 galibi nan ne azaba, komai na mota rawa yake har haƙoranka. Daga wajen 60 zuwa 80 taya tana taka kan tudun kawai, sai ka ji motar ta lafa. Lafawar nan yaudara ce. Tayar ba ta cika zama a ƙasa ba, don haka sitiyari da burki ba su da cikakken iko, kuma na'urar ABS, mai hana taya ƙullewa in an taka burki, tana tsawaita tsayawa a tsakuwa. Ka rage gudu tun kafin kwana, motar na miƙe, ta hanyar ɗaga ƙafa daga totur. Taka burki a tsakiyar kwana shi ke sa bayan mota ya zame, daga nan sai juyewa. Hilux ba ta jan ƙafa huɗu kullum, saboda haka sa ta a 4H, giyar jan ƙafa huɗu, da zarar ka bar kwalta, ka cire idan ka dawo.

Abin da gudun ke ci a ɓoye shi ne shokazoba. Tana sama da ƙasa sau da yawa a daƙiƙa guda, man cikinta ya yi zafi ya yi kumfa, sai ta daina riƙewa, motar ta fara lilo kamar kwalekwale. Tsaya duk bayan awa guda na minti goma zuwa sha biyar. Kusantar da bayan hannu kawai, kada ka damƙe ta, tana ƙuna. Duba ko mai na tsiyaya, ka zagaya tayoyin, ka taɓa notocin wili da na abin ɗora kaya a rufi, gargada kwance su take yi. Ka fi sa ido a tayoyin baya, domin ta gaba ce ke tayar da dutse ta baya ta taka shi a tsaye, kuma a cikin jijjiga ba za ka ji tana sacewa ba sai ta yi kaca-kaca. Na'urar da ke nuna iskar taya a gaban direba tana fanshe kuɗinta a nan.

Ka tafi da safaya biyu masu girma ɗaya da na ƙasa, gejin iska mai kyau, kwamfareso mai aiki da batirin mota, kayan faci na cusawa, da katako mai faɗi na ɗora jak. Facin cusawa na tafin taya ne kawai, gefe in ya tsage ta gama aiki. In ka hango ƙurar babbar tirela mai jan bodi uku, wadda tsawonta kan kai mita 53.5, koma gefen hagu ka tsaya har ƙurar ta kwanta. Kuma ka sauka kafin magariba, lokacin ne shanu da kangaru ke fitowa hanya.