Fitilar ba ta da laifi sosai, mai rewayan ne ya kusa ƙona min Hilux

Masu tambayata a kan doguwar fitilar LED ɗin nan da na sa a saman mota, ga abin da na gani. Irin mai inci 42 ɗin nan ce ta China wadda kowa ya san inda ake sayar da ita da kuɗinta, na haɗa da ƙananan guda biyu na kan bamba saboda hanyar gona ta wajen Doguwa, wanda ya san hanyar bayan an sauka daga kwalta ya san fitilar Hilux ta asali, ƙwan nan mai wat 60 a ful, ba ta nuna maka rami sai ka riga ka faɗa ciki.

Haske kam akwai shi, wallahi ranar farko da na kunna har dariya na yi ni kaɗai a mota. Tsakiyarta na harba haske nesa, gefe da gefe kuma na bazawa, ana ganin shanu a bakin hanya tun kafin a zo kusa. Da a nan maganar ta tsaya da na ce kowa ya je ya saya.

Wanda ya sayar min shi ya haɗa ni da wani mai rewaya, wai yaronsa ne kuma shi ke sa wa kowa. Ina tsaye ya gama aikin cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Na ga ya ajiye 'yar baƙar rile ɗin da ta zo a kwali gefe, wato na'urar da ke ɗauke wa makunni nauyin wutar fitila, na ce Malam wannan fa? Ya ce "Alhaji bar ta kawai, LED ba ta cin wuta, wannan ta masu halojin ce." Fiyus ma haka, wai wayar kwalin ta yi gajarta don haka ya kawo tasa, wata siririya ja da baƙi irin ta sifika, ya ɗauko wuta kai tsaye daga kan batir ya zura ta wani rami na jikin ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota, ba roba ba komai, ya kai ta makunni a dashbod, daga can ta haura sama. Duk haɗin da ya yi murɗawa ce da hannu sai salatif.

To hanyar gona ai gargada ce. Wayar nan tana ta goguwa da bakin ƙarfe ashe har ta fere. Wani dare muna dawowa da buhunan masara ni da ƙanena da leburori biyu a baya, sai warin roba, kafin in ce wani abu hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari, fari fat, na kashe makunnin bai daina ba, na kashe mota na zare makulli bai daina ba, don wutar daga batir take zuwa kai tsaye kuma babu fiyus ɗin da zai tsinke. Ƙanena ne ya yi ta maza ya buɗe bonet ya fizge wayar daga kan batir da filaya, ta ƙone shi a hannu ta bar masa shaida. Muna tsaye a daji cikin duhu, ba sabis, ga tankin dizal cike. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Wayar ta narke tun daga batir har dashbod, ta kuma lashi wayoyin da ke kusa da ita, hon da waifa duk suka mutu.

Da safe na kira shi, amsar da ya ba ni ita ta fi ƙona min rai, wai ƙila batirina ne ke da ƙarfi da yawa. Mai shagon kuma ya ce shi kaya ya sayar, aiki ba nasa ba ne, alhali shi ya kira yaron da bakinsa.

Wani dattijo na kai wa, shi ya warware komai ya sake daga farko, kuma ya yi min bayani yadda na gane. Ya ce fiyus a kusa da kan batir ake sa shi, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, don waya yake karewa, duk inda ta fere a gaba shi zai fara mutuwa. Ya sa rile mai amfiya 40 a cikin bonet, waya mai kauri ta tashi daga batir ta bi fiyus ta shiga rile ta wuce fitila, makunnin dashbod kuma 'yar wuta kaɗan kawai yake aika wa rile ɗin. Ya ɗauko wutar makunnin daga layin ful, ma'ana in na sauke zuwa dim don mota na tahowa babbar ma ta mutu da kanta. Wannan dabarar ta burge ni ƙwarai, don na san yadda nake tsine wa masu kashe min ido da irin fitilun nan a titin Zariya. Ramin ƙarfen ya sa masa roba, wayoyin duk ya zura su a bututun roba ya ɗaure.

Sai dai a wajensa ne kuma asirin fitilar kanta ya tonu. A kwali an rubuta wat 300, wanda a batir mai bolt 12 ya kamata ta ja amfiya 25. Baba ya sa mita, ko 9 ba ta cika ba. Wato wajen wat ɗari ce aka sayar min da sunan ɗari uku. Sannan an rubuta ruwa ba ya shiga, wanki ɗaya aka yi wa motar na ga raɓa ta kwanta a cikin gilas ta gefen hagu, yanzu ƙwayaye uku a wajen sun dushe. Ga fito da take yi in ka wuce gudun 80, ga shi in na kunna ta rediyo sai shuuu, labarai ma ba sa jiyuwa. Da hazo ya sauko kuwa ba ta da amfani ko kaɗan, farin hasken dawo maka yake yi a ido, ga bonet ɗina fari yana ƙara haska gilas. Ƙananan na bamba da Baba ya sa wa murfi ruwan ɗorawa su nake kunnawa a lokacin, kuma su ba su taɓa ba ni matsala ba.

Don haka ni dai ƙananan zan iya cewa a saya. Babbar tana nan a sama tunda an riga an huda min rufi, amma in ta ƙarasa mutuwa ba zan sake sayen irinta ba, kuma kuɗin gyaran wayarin ɗin hon da waifa har yau babu wanda ya biya ni.