Mazubin ruwan kaji mai hita: abin da na gani bayan hunturu biyu a Minnesota

Kaji 6 gare ni a ɗan filin da ke gefen gidanmu a wajen birnin Minneapolis, jihar Minnesota ta Amurka, huɗu jinsin Wyandotte, biyu Orpington. Da rana sakinsu nake yi su yi kiwo, kamar yadda na taso na ga Inna tana yi a Funtuwa, da magariba su koma akurki da kansu. Hunturun farko na ɗauka sanyi zai kashe min su, ashe ƙishirwa ce abin tsoro. Kaza tana da gashinta, in ta hau sanda ta kwanta a kan ƙafafunta ta ji ɗumi. Amma ruwan da na zuba da asuba, kafin in gama karin kumallo ya zama ƙanƙara. Sau huɗu a rana nake fita da butar ruwan zafi. Shi ya sa na sayi wannan mazubi.

Na roba ne, yana cin galan 3, wato kusan lita 11, hitarsa kuma wat 100 ce a ƙasan gindinsa. Dala 50 da 'yan kai na biya. Ba ya tafasa ruwa, hana shi daskarewa kawai yake yi: in sanyi ya kusa kai sifili a ma'aunin Selsiyos sai ya kunna kansa, in gari ya ɗan sake ya mutu. Wannan aikin kam ya yi shi tsakani da Allah. Daren da sanyi ya kai 25 ƙasa da sifili, siririyar ƙanƙara ce kawai na tarar a bakinsa, da yatsa na fasa ta, ruwan ciki lafiya lau.

Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, don haka kazar da ta wuni ba ta sha ba, ƙwanta zai ja baya. Amma kada a ɗora wa mazubi abin da ba nasa ba. A watan Disamba hasken rana a nan bai kai awa 9 ba, kaza kuwa tana son kamar awa 14 kafin ta yi ƙwai sosai. Ƙwai zai ragu ko da ruwa ko babu.

Aibinsa biyu. Ta ƙasa ake cika shi, sai an kife shi a zuba sannan a juyo da shi, kuma sau da yawa ruwa kan zubo min a safar hannu, abin da ba daɗi a cikin wannan sanyi. Wayarsa kuma gajeriya ce ƙwarai. Sai da maigida ya jawo doguwar waya irin ta waje daga soket mai yanke wuta da kansa in ruwa ya taɓa shi, muka rufe mahaɗar don kada dusar ƙanƙara ta shiga.

Inda aka ajiye shi ma da muhimmanci. Ban sa shi cikin akurki ba, domin danshi ne ke sa sanyi ya ƙone wa kaza zanko, musamman Orpington masu zanko a tsaye. A ƙarƙashin rumfar bakin akurki na ɗora shi kan bulo biyu, don kada su tono masa shara. Kajina ba sa son taka dusar ƙanƙara mai zurfi, sai su tsaya bakin ƙofa suna leƙe. Na share musu hanya da shebur, na baza busasshiyar ciyawa, na watsa tsaba a ciki. Yanzu nan suke wuni suna tone-tone, su sha ruwa su koma.

Mai kaji ƙasa da goma a gari mai dusar ƙanƙara, ina ba shi shawara ya saya. In ya samu wanda ake cikawa ta sama, ko da ya ɗan fi tsada, shi ya kamata ya ɗauka.