Shagon ɗinkin kayan zuwa coci a kusa da Roman Hill, Kumasi

A gangaren da ke sauka daga babbar majami'ar St. Peter zuwa kasuwar Kejetia akwai wata tela da matan Katolika na unguwarmu suke kai wa atamfa, domin ta ƙware wajen ɗinka kaba (rigar sama ta matan Ghana) da siket na ranar Lahadi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take awo: takan sa mace ta durƙusa, ta sunkuya, ta ɗaga hannuwa kamar yadda za ta yi a lokacin Mas, wato babbar ibadar Katolika, sannan ta yanke shawarar inda tsagar siket za ta tsaya da kuma faɗin wuyan riga.

Ba ta tilasta wa kowa tsawo guda ba, kuma a ganina ta yi daidai, domin Katekizim na Cocin Katolika na 1992, littafin koyarwar cocin, a sakin layi na 2521 zuwa 2524, ya ɗauki kamun kai a matsayin kare mutuncin mutum, ya kuma yarda cewa siffarsa tana bambanta daga wata al'ada zuwa wata. Ɗakin gwajin kayanta yana da ƙofa mai sakata, kuma 'yan mata ne kaɗai suke taya ta yi wa matan awo, wanda ya dace da alkawarin da mai tuba yake yi a addu'ar tuba ta Katolika na guje wa abin da zai kusantar da shi ga zunubi.

Aibinta shi ne saɓa alkawari idan Ista ko Kirsimeti ta gabato, kuma shafin da take sa wa riga yana da kauri ga zafin watan Maris.