Aikin oda ko littafinka na kanka: amsa ga mai zanen BD

Wani ƙanenmu daga Tawa ya tambaya. Ya iya zanen labari, wato BD, ya sauka Yamai yana son ya ci abinci da hannunsa: ya bi aikin oda na ƙungiyoyi da ma'aikatu, ko ya tara kuɗi ya buga littafinsa? Ɗan'uwa, aikin oda ƙodago ne a gonar wani, littafinka kuwa gayaunarka ce. Kowanne da inda yake ciwo.

Mu fara da oda, don nan kuɗi suke fara shigowa. Masu ba da shi galibi ƙungiyoyi ne masu wayar da kai kan riga-kafi, zazzaɓin cizon sauro ko karatun yara mata, kuma ɗan littafi suke so mai shafi 8, 12 ko 16. Kada ka yanke farashi a dunƙule. Yanke shi kan kowane shafi, ka rubuta abin da ke ciki: fensir, tawada, launi, da rubutun maganganu. Lissafin ba wuya. A ce kana buƙatar jika 150 a wata, kuma kwana 15 kaɗai kake zanen da ake biya, sauran sun tafi a neman aiki, zaman taro da gyara. Shafin da ya ci maka kwana biyu bai kamata ya sauka ƙasa da jika 20 ba, tun ba a sa kuɗin wuta da intanet ba.

Abin da ke karya mai zane a nan gyara ne. Ba mutum ɗaya ke duba aikin ba, kwamiti ne: wannan ya ce a sauya kallabin matar, wancan ya ce likitan ya cika yarinta, alhali ka riga ka sa launi. Rubuta a takardar yarjejeniya cewa gyara sau biyu ne, a matakin fensir, su sa hannu kafin ka taɓa tawada, kuma duk wanda ya zo bayan haka da kuɗinsa daban. Karɓi kafin alƙalami, rabi ko aƙalla sulusi. Kafin a biya sauran, ƙaramin hoto mai ɗauke da sunanka a tsakiya za ka aika, wanda ba ya buguwa. Ka nemi lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, tun yanzu, don manyan ƙungiyoyi da wuya su fitar da kuɗi ba ita, ka kuma tambaya ko za a cire haraji daga abin da aka yi alkawari. Sau da yawa aikin da aka ba da da Faransanci sai a dawo a ce a yi shi da Hausa da Zabarmanci, don haka ware rubutu daban da zanen, ka bar fili a gurbin magana, kowane harshe da kuɗinsa.

Littafinka kuwa kuɗi fita suke yi tukuna. Mafi sauƙi shi ne girman A5, ciki baƙi da fari kan takarda mai giram 80 ko 90, bango mai launi kan giram 250. In ɗinkin ƙusa a tsakiya za a yi, dole yawan shafuka ya rabu da 4, kamar 24, 28 ko 32. Ka kai 30 sai a cika maka da farar takarda. Bugu da injin dijital ya dace da kwafi 50 ko 100, amma kowane kwafi da tsada. Injin ofset yana sauke farashin kwafi sai an kai ɗaruruwa, kuma a nan ne mutane ke faɗawa rami: a buga 1000 don arha, a sayar da kaɗan, sauran ƙura da gara da laimar damina su cinye. Sa farashi ninki uku na kuɗin bugu, saboda mai shago zai ɗauki kasonsa, kuma sai ya sayar yake biyanka.

Gwada kasuwa kafin ka je maɗaba'a. Saki shafi huɗu ko biyar na farko a Facebook da WhatsApp, ka karɓi kuɗin masu so ta Airtel Money, Nita ko Amana, sannan ka buga adadinsu da ɗan ƙari. Na Tawa, Maraɗi da Damagaram motocin bas suna kai saƙo. A Yamai ka bi makarantu, da ranakun taro a cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda da wadda a da ake kira Jean Rouch, wadda aka mayar Moustapha Alassane a 2024. Sunan ba baƙo ba ne gare ka, tunda ya daɗe a Tawa, kuma yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka.

Inda hanyoyin biyu suka fi rabuwa shi ne mallaka, kuma wannan ya fi damunmu. A littafinka, labarin da mutanen cikinsa naka ne. A oda, layi ɗaya na yarjejeniya yana iya raba ka da su har abada. Dokar haƙƙin mawallafa ta 2010 tana kare zane, ofishin BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa kuma yana nan Yamai, ka je ka yi rajistar aikinka. Amma abin da ka sa wa hannu da kanka, wuyar ƙwato shi. Sai a rubuta ƙarara: amfanin da aka yarda da shi, kwafi nawa, shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, da cewa sunanka zai fito a bango. In sun ce duka suke so, wannan sayarwa ce, farashinta daban. Jarumin da kake tanada don littafinka kuwa, kada ka sa shi cikin aikin kowa komai kuɗin. Ƙirƙiro musu nasu.

Shawararmu gare ka: kama oda yanzu, ka keɓe kwana ɗaya ko biyu a mako da wani kaso na kowane biya don littafinka. Wanda ya ce sai ya sami sarari zai fara, shekara tana wucewa bai ja layi ba.

Ko wanne ka kama, mai bugu abu ɗaya yake so. Fayil a dpi (ma'aunin kaifin hoto) 300 ga launi, 600 ga zanen tawada zalla, launi a tsarin tawadar maɗaba'a, CMYK, wanda a nan ake cewa CMJN, don shuɗi da kore masu ƙyalli a waya suna dushewa a takarda. Bar milimita 3 na zane su zarce gefe saboda yanka, rubutu kuma ya nisanci baki da milimita 5. Duba haruffa ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, don yawancin salon rubutun BD ba su da su, sai su fito akwati-akwati. Ko da manhajar zane ta Krita kake aiki ko ta ibisPaint, riƙa ajiye fayil a wuri biyu saboda yankewar wuta lokacin bazara. Kuma kada ka bari a buga duka sai ka riƙe kwafin gwaji a hannu ka karanta shi shafi-shafi.