Sharhi a kan airis mai fure sau biyu, bayan shekara biyu da shuka shi a Samaru

Shekara biyu ke nan da na sayi gindin furen airis guda shida a wurin wani mai sayar da tsirrai da ke sauko da kayansa daga Jos, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan bayyana abin da na gani, tun da masu sha'awar furanni a Zariya sun fara nemansa. Takardar da ke ɗaure a jikinsu ta nuna cewa iri ne da ake kira Immortality, farin airis da Lloyd Zurbrigg ya fitar a Amurka a 1982, wanda ya yi suna saboda yakan sake fure bayan na farko a cikin shekara guda. Da na tambayi yadda ake kula da shi, mai sayarwar ya ce mini, "Alhaji, ka dai ba shi ruwa, zai yi ta fure." Wannan shawara ce ta jawo mini asarar farko.

Gindin airis kamar ɗanyar citta yake, a kwance yake yaɗuwa a fuskar ƙasa, kuma yana son bayansa ya riƙa shan rana. Ni kuwa sai na binne shi da zurfi a cikin jar ƙasar bayan gidana, wadda takan daskare ta riƙe ruwa, kuma na yi hakan a watan Yuni, damina ta riga ta kankama. Da aka shiga marka a watan Agusta, wata safiya na tarar ganyen guda biyu sun kwanta. Na ɗan ja ɗaya sai ya tsinko a hannuna, gindin ya narke kamar kunu, ga wani ɗoyi da ya daɗe bai bar yatsuna ba. Cuta ce ta ƙwayoyin bakteriya da ke samun shiga idan zafi da laima suka haɗu, kuma a nan inda ruwan da ake samu a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, mafi yawansa a cikin wata biyar, tana samun duk abin da take so. Sauran huɗun na tone su, na yanke inda ya fara taɓuwa da wuƙa mai tsabta, na barbaɗa farar wuta, na shanya su kwana biyu a inuwa, sannan na mayar da su cikin manyan tukwane masu huda, na cakuɗa yashi da ƙasa da ɗan taki da ya ruɓe sarai. Tun daga nan ban sake rasa ko ɗaya ba.

Sai dai rayuwar tsiro daban, furensa daban. Kowane reshen ganye sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, saboda haka fure na biyu yana fitowa ne daga 'ya'yan da gindin ya tsirar, idan sun yi saurin girma kafin shekara ta ƙare. A ƙasashe masu sanyi, hunturu mai tsanani ne ke shirya tsiron ya yi furen farko, sannan sanyin daren kaka ya taimaka wa na biyu. Sanyinmu na Disamba da Janairu, ko da yake yakan sa mu nemi bargo, bai kai wancan ba, kuma da ya wuce sai zafin Maris da Afrilu ya rufe shi, har ya doshi digiri 40. A shekarar farko ganye kawai na samu. A ta biyu, a tsakiyar Fabrairu, tukunya ɗaya da ke gefen katangar gabas, inda ranar safe ke bugawa amma ta la'asar ba ta kaiwa, ta fitar da kara mai furanni uku, farare ƙal, masu laushi da ƙamshi, ga ɗan gashi a kan leɓen kowanne. Na yi murna ƙwarai, har na kira iyalina suka fito suka gani. Fure na biyu kuwa bai zo ba har yau.

Game da ban ruwa, abin da ya yi mini aiki shi ne in jira har saman ƙasar ya bushe kafin in sake zubawa, kuma a gefen tukunya, ba a kan gindin ba. A bazara nakan ba shi ruwa sau biyu a mako, a damina kuma nakan janye tukwanen zuwa ƙarƙashin rumfa idan sama ta ƙi ɗaukewa. Yuriya, wato wani nau'in takin zamani, kuskure ce a gare shi, domin ganye take turawa, tana kuma tausasa gindin har cuta ta samu ƙofa.

Ra'ayina shi ne gindin da aka sayar mini lafiyayye ne, furensa kuma ya cancanci wahalar, amma bai kamata a riƙa yi wa mutumin Zariya alkawarin fure sau biyu ba tare da an yi masa bayanin yanayi ba, domin abin da ya yi kyau a tudun Jos ba lallai ne ya yi haka a nan ba. Wanda yake son fure akai-akai zai fi jin daɗin Dietes, ɗan'uwan airis da ya fito daga kudancin Afirka, wanda ya fi jure zafi. Wanda na dasa a bakin famfo ya yi fure sau da dama a bana. Tukwanen nan huɗu dai na bar su a gefen katangar gabas, kuma zan raba 'ya'yansu a watan Oktoba idan ruwa ya ɗauke.