Sharhi: dije da 'yan kalangu a biki ɗaya a Zariya

Kayan da aka kawo su ne sifika huɗu masu inci 15 a kan ƙafafunsu, manya biyu masu inci 18 da ake ajiyewa a ƙasa don nauyin ganga, miksa ɗaya, wato na'urar haɗawa da daidaita sauti, makirufo mara waya biyu, mai waya biyu, da kwamfutar dije. Dijen ya zo da yaransa biyu. A cikin cinikin har da ƙungiyar kalangu ta mutum shida, mawaƙi da makaɗa uku da ɗan amshi da sanƙira. An yi aiki da su sau biyu, yinin mata a gida a Tudun Wada ranar Juma'a, sannan dina ranar Asabar a wani zauren taro a GRA mai kujera 300. Hukuncina a kansu shi ne sun iya zaɓen waƙa da jera ta, sun gaza wajen ƙarfin sauti da shirin wuta. Zan sake ba da shawarar a ɗauke su, amma sai da sharuɗɗa a rubuce.

Inda suka fi burge ni tun kafin ranar biki ne. Amarya da ƙawayenta sun tara waƙa kusan 60, abokan ango ma sun kawo nasu. Dijen bai karɓa ya ce to ba. Ya zauna da babbar ƙawa da babban aboki ya yi musu lissafi. Dinar da za a fara ƙarfe takwas a tashi sha ɗaya minti 180 ke gare ta. A cire addu'ar buɗe taro, jawabin iyaye, tarihin ango da amarya, yanka kek, cin abinci da hotuna, abin da zai rage wa rawa bai fi minti 50 zuwa 60 ba. Waƙoƙinmu na Hausa kuwa da yawansu suna kai minti biyar zuwa bakwai. Ke nan in za a bar kowace ta kai ƙarshe, goma ce kawai za ta samu shiga. Sauran hamsin ɗin ɓacin rai ne ake tanada wa masu su.

Sai ya sa aka raba su gida uku. Na farko waɗanda dole a sa, guda takwas, kowace da lokacinta a gefenta. Na biyu waɗanda za a sa in lokaci ya bari, guda 15. Na uku waɗanda ko wa ya roƙa ba za a sa ba. Wannan na ukun shi ne mutane ke mantawa da shi, kuma shi ya fi tsare mutuncin taro. Abin da ya shiga cikinsa: waƙoƙin habaici da zambon kishiya, domin a teburin iyaye mata da wuya a rasa kishiyoyi biyu zaune kusa da juna, waƙoƙin rabuwa da yaudara, waɗanda kiɗansu ke da daɗin rawa amma baitinsu bai dace da ranar aure ba, waƙoƙin siyasa, tunda zaure ɗaya kan haɗa 'yan jam'iyyu daban-daban, da waƙoƙin Turanci ko Burokan masu batsa, waɗanda matasa ke takawa ba su saurari abin da ake faɗa ba, alhali kawun ango da ya yi shekara talatin yana koyarwa a Samaru yana jin kowace kalma. Duk waƙar da za ta shiga jerin farko, wani babba ya saurare ta daga farko har ƙarshe. Amshin kawai bai isa ba, ɓarnar takan ɓuya a baiti na uku.

Zariya gari ne na baƙi. Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwa na Shika da sauran makarantu sun sa da wuya a yi dina babu abokan aiki Yarbawa, Nufawa, Ibo ko 'yan Kudancin Kaduna. Dijen ya ware musu minti 12 bayan cin abinci, waƙa huɗu da aka tace, kowace ya yanke ta a minti uku. Fili ya cika, kuma ba a ja abin ya yi tsawon da iyaye za su fara duba agogo ba.

Shigowar ango da amarya ma ya yi mata shiri na gaske. Da yamma ya auna tafiyar da ƙafarsa, daga ƙofa zuwa kujerarsu kamar mita 25. Mutum shi kaɗai zai yi ta cikin rabin minti, amma amarya da doguwar riga, ga masu hoto suna tsayar da su, minti huɗu take ci. Waƙar da aka zaɓa tana da share fage na kusan minti ɗaya kafin murya ta shigo, sai ya sa alama a kwamfutarsa ya tashe ta daga amshi daidai lokacin da aka buɗe ƙofa. Guɗar da iyaye mata suka rangaɗa ta faɗa kan amshin, ba kan shirun share fage ba. Ya kuma ba abokan ango waƙarsu daban, ƙawaye tasu daban, kowace minti biyu, ta ango da amarya ba a ji ta ba sai da suka bayyana.

Waƙar suna, wadda aka je situdiyo aka yi wa ma'auratan, ita ce ta kawo matsalar farko, kuma ba duka laifin dije ba ne. Ta iso ranar Alhamis da dare, an ambaci sunan mahaifiyar ango ba daidai ba, babu lokacin gyara. Irin wannan waƙa a ba da aikinta sati uku kafin biki, a rubuta sunaye a takarda, a kuma karanta su da baki a tura wa mawaƙin, saboda rubutu ba ya nuna yadda ake furta laƙabi. A karɓi gwaji sati ɗaya kafin ranar. A taƙaita sunayen ga iyaye huɗu da kakannin da ke raye, don duk gwaggon da aka ambata akwai innar da aka tsallake. Laifin dijen shi ne ya karɓi waƙar yadda aka turo ta, an kunna ta a wata waya an ɗauka da saƙon murya na WhatsApp. A kunnen waya ba laifi, amma da ta hau sifika mai inci 18 sai ta fito kamar daga cikin rijiya. Kowace waƙa a karɓo ta a filashi kai tsaye daga situdiyo, ko a tura ta a matsayin fayil. Waɗanda ake saukewa daga shafukan intanet kuma a saurare su, da yawa an liƙa musu muryar talla a tsakiya. Kada a yarda a sa waƙa daga wayar wani ta Bluetooth, kira ɗaya zai shigo zaure duka ya ji.

Iyaye maza sun nemi tsofaffin waƙoƙin kalangu irin na marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Yawancin abin da ke yawo na irin waɗannan daga faifai da kaset aka kwafo, sautinsu siriri ne kuma da shuu a ƙarƙashi. Dijen ya san haka, ya sa su lokacin cin abinci a ƙasa-ƙasa, ya rage kaifin sama a miksa. Da ya sa su a tsakiyar rawa, bayan waƙar zamani mai nauyin ganga, da sun yi kamar an rage wuta.

'Yan kalangun sun shiga ƙarfe goma saura kwata, suka yi minti 25, kuma su ne suka tayar da waɗanda dije bai iya tayarwa ba. Hajiyoyin da suka zauna tun farko sai ga su a fili, mayafi a kafaɗa, sanƙira yana kiran kowace da sunan gidansu, makaɗi yana matse igiyoyin kalangu a hammata yana maimaita kirarin da ganga. Na'ura ba ta yin wannan. Sai dai a ba sanƙira takardar dangi tun da rana, wane ne waliyyi, wace ce uwar biki, wa ya rasu kwanan nan don kada a yi masa kirari kamar yana zaune. A kuma yanke musu lokaci, domin muddin kuɗi na zuba ba za su sauka da kansu ba, kuma ba za a ga laifinsu ba, sana'arsu ke nan.

Zancen liƙi a gama shi kafin ranar. A nan an yi daidai: abin da aka ba makaɗa lokacin kalangu nasu ne, abin da aka ba amarya lokacin waƙar dije nata ne, ƙawaye biyu suna tattarawa. Inda ba a faɗi haka ba, yaran dije da ƙawayen amarya kan yi cacar baki a gaban jama'a. An kuma ajiye faranti da ƙwarya don a riƙa zubawa a ciki. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa takardar naira da taka ta a wurin biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun.

Da mawaƙin ya karɓi makirufo aka samu ƙara mai huda kunne har sau uku. Dalilin a fili yake. An tsayar da makaɗan a gaban sifika, makirufo yana ɗaukar abin da sifika ta fitar yana mayar mata. Ga shi mawaƙin ya dunƙule kan makirufon da tafin hannu, abin da ke ƙara tsananta matsalar. Maganin shi ne masu makirufo su tsaya a bayan layin sifika, a riƙe makirufon ta ƙasan kansa, kusa da baki. Kalangu a zaure mai kujera 300 ba ya buƙatar makirufo kowane ɗaya, guda ɗaya a kan ƙafa, taku biyu daga makaɗan, ya wadatar. Duk wannan gwajin minti goma da yamma zai warware shi, amma 'yan kalangun ba su iso ba sai bayan isha'i. Batirin makirufo mara waya kuma a sa sabo mai kyau kafin a fara, a ajiye wasu huɗu a kan miksa. Na arha kan mutu a tsakiyar jawabi.

Babban abin da na riƙe a kansu ƙarfin sauti ne. An jera sifika shidan duka a gaba, kuma teburin iyaye yana mita uku daga na dama. Don na baya su ji sai aka ƙure, na gaba suka sha wahala. Na ga wata dattijuwa ta toshe kunnen jikanta da gefen mayafi, na ga dattawa biyu da suka daɗe ba su haɗu ba suna magana baki a kunne har suka haƙura. Manhajar auna sauti a waya ta nuna sama da desibel 95 a teburin. Masana lafiyar kunne sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin uku yana raba lokacin biyu, ke nan a 94 awa ɗaya ce kacal. Abin da ya kamata shi ne biyu a gaba suna kallon filin rawa, biyu a tsakiyar zaure a gefe da gefe, a ɗaga su sama da kan mutum, kowace a rage mata. In tazarar ta kai mita 15 zuwa sama a jinkirta na tsakiyar kaɗan a miksa, saboda sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, in ba haka ba na baya za su ji magana biyu-biyu. Ma'auni mai sauƙi lokacin cin abinci: in mutum biyu a teburi ɗaya sai sun ɗaga murya, kiɗan ya yi yawa. A naɗa mutum ɗaya daga dangi wanda shi kaɗai zai ce wa dije ƙara ko rage, in ba haka ba abokan ango suna cewa ƙara, iyaye suna aiko a rage.

Wuta ta yanke kiɗa sau biyu. An jona kayan sauti a janareta ɗaya da na'urorin sanyaya zaure, duk lokacin da suka tashi sai wutar ta faɗi, sifikokin su kashe kansu don kariya, a jira su dawo. Na biyun ya faɗo ana tsakiyar rawar amarya da mahaifiyarta. Kaya irin waɗannan janareta mai kVA 5 nasu su kaɗai ya ishe su, a ajiye shi nesa da ƙofa saboda ƙara da hayaƙi, a jawo da waya mai kauri, murabba'in milimita 2.5 zuwa sama. Siririyar waya a nisan mita 40 tana zafi tana cinye wutar. Dijen ya ɗauka masu zaure sun tanada, masu zaure sun ɗauka zai zo da nasa.

Yinin Juma'a bai da abin faɗa da yawa, ya tafi lafiya. Sifika biyu kawai suka kawo, aka juya su cikin gida ba bakin titi ba. Mata masu kiɗan ƙwarya suka riƙe yawancin lokacin, dijen yana cike gurbi in sun huta. Ya kashe komai da kansa da aka kira la'asar, ya tattara kaya kafin magariba, wadda a Zariya takan faɗa tsakanin ƙarfe shida da bakwai gwargwadon lokacin shekara. Maƙwabta ba su aiko ba.

Wanda zai ɗauke su, ko wasu irinsu, ya biya rabi ya riƙe rabi sai an tashi. A takardar ya rubuta cewa kaya su iso awa uku kafin taro, makaɗa su halarci gwajin makirufo, wane ne zai kawo janareta da mai, da kuɗin kowace awa in an zarce lokaci. Ya nemi a kawo filashi na biyu mai ɗauke da waƙoƙi takwas ɗin nan na dole, a bar shi a hannun babbar ƙawa.