Sony MDR-V6 ko AKG K240: wanne za ka ɗauka a hannun mai gwanjo?

Malam, ka ce ka ga tsofaffin hedifon guda biyu a wurin mai kayan gwanjo, ɗaya an rubuta masa Sony MDR-V6, ɗayan AKG K240, kuma kuɗinsu kusan ɗaya ne. Ka jona su a wayarka, Sony ya yi ƙara, AKG kuwa da ƙyar kake jin sa, har kana zargin ya mutu. Kana tambayar wanne ne na gaske, kuma wanne ya fi.

Kada ka yi saurin yi wa AKG ɗin jana'iza. Rashin ƙarar nan na iya zama shaidar cewa tsohon ƙira ne, irin wanda masu tara waɗannan kaya suke nema ruwa a jallo. Abin dubawa a jikin kowannensu daban ne: a Sony, ka tabbatar ba jabu ba ne, a AKG, ka gano wane K240 ne a cikin danginsa, domin suna da yawa.

Bari in fara da AKG, don nan ne zancen ya fi tsawo. Asalin kamfanin na birnin Biyana ne a ƙasar Ostiriya, kuma ya fitar da K240 na farko a 1975. Wannan na farkon shi ake yi wa laƙabi da Sextett, saboda an kewaye lasifikarsa da wasu ƙananan faya-fayai guda 6 marasa maganaɗisu, waɗanda iskar da lasifikar ke turawa ce take motsa su. Daga baya aka yi K240 Monitor da K240 DF, su ma om 600 ne kamar na farkon (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa wutar lantarki), amma babu faya-fayan nan. Sai K240 Studio na zamanin nan, mai om 55, wanda ake iya cire igiyarsa daga kunnen hagu a mayar. Daga nesa duk kamarsu ɗaya: sanduna biyu sirara a sama, madaurin kai a ƙarƙashinsu, da manyan kunnuwa masu zagaye.

Yadda za ka rarrabe su ba wuya. Fara da rubutun da ke jikin kunnen, domin Monitor da Studio sukan faɗi sunansu da adadin om ɗinsu. Duba ko an rubuta cewa a Ostiriya aka ƙera shi, don na baya-bayan nan a Chaina ake yin su. Sannan ka nemi izinin mai kaya ka zare soson kunne ɗaya. A hankali ake jan sa daga gefe, ba a buƙatar sukurudireba. Haska fitilar wayarka ciki. In ka ga da'irori 6 sun kewaye ta tsakiya, to Sextett ne a hannunka, kuma shekarunsa sun haura 40. In ba haka ba, kuma igiyarsa ba ta cirewa, mai yiwuwa Monitor ne ko DF.

Dalilin rashin ƙararsa a waya lissafi ne kawai. Wayar salula ba ta cika ba da abin da ya wuce bolt 1 a ramin hedifon ba. A wannan ƙarfin, abin da mai om 600 zai samu bai kai miliwat 2 ba, mai om 63 kuwa, irin Sony ɗin, zai samu kusan 16. Ba don waya aka yi tsohon AKG ɗin ba tun asali. Don sitidiyo aka yi shi, inda ake jona hedifon da yawa a amfilifaya ɗaya ba tare da an ɗora mata nauyi ba. Jona shi a waya kamar ɗaura wa jaki amalanken shanu ne, zai ja amma ba yadda ya kamata ba. Sa shi a ramin tsohuwar amfilifaya ko mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ka ji bambanci.

Sony kuwa labarinsa gajere ne. MDR-V6 ya fito a 1985, om 63 ne, ana naɗe shi, igiyarsa murɗaɗɗiya irin ta tsohuwar wayar tarho, kuma yana da jar sitika a jikin kunnuwa. Ƙanensa MDR-7506, wanda ya biyo baya a 1991, sitikarsa shuɗiya ce kuma filoginsa ruwan zinare. Na V6 ruwan azurfa ne. In ka ga jar sitika da filogi ruwan zinare, ko dai an canza igiyar ko akwai lauje cikin naɗi. Na farko-farko a Japan aka ƙera su, daga baya aka mayar da aikin wasu ƙasashen Asiya, don haka rashin ganin sunan Japan ba ya nufin jabu ne.

Amma jabunsa ya yi yawa a duniya, kuma Sony ta daina ƙera shi. Ni dai na fi yarda da V6 wanda ya sha jiki, sosonsa yana ɓarɓashi, fentin gefensa ya goge, a kan wanda yake sheƙi a kwali da kuɗi kaɗan. Ka kuma duba 'yan siraran wayoyin da suka fito daga kowane kunne suka shiga madaurin kai. A fili suke kusa da inda ake lanƙwasa shi, kuma nan ne suke tsinkewa in an matse su wajen naɗewa. Motsa su da yatsa sauti yana tafiya; in ya ɗauke ya dawo, akwai aikin dalma a gabanka.

Gwajin da ya fi raba gardama ga duka biyun yana wurin mai gyaran rediyo. Ari mitarsa, sa ta a ma'aunin om. Tsinin filogi kunnen hagu ne, zoben tsakiya na dama, gindinsa kuma na tarayya. Auna tsini da gindi, sannan zobe da gindi. Sony na gaske zai nuna kusa da 63 a kowane ɓangare, tsohon AKG kusa da 600, sabo kusa da 55. In ɓangare ɗaya ya yi nisa da ɗan'uwansa, ko mitar ba ta motsa ba sam, ajiye musu kayansu, ko a rage kuɗin sosai. Ta yiwu igiya ce kawai ta tsinke, wannan mai sauƙi ne. In kuwa lasifikar Sextett ce ta mutu, samun madadinta sai an sha wuya.

Wajen sauti, Sony a rufe yake, yana tare hayaniya, kuma yana fito da murya tas, har wasu na ganin kaifinsa ya yi yawa in an daɗe ana saurare. Shi ya sa masu ɗaukar murya da masu haɗa shirin rediyo suke son sa. AKG bayansa a ɗan buɗe yake, sautinsa ya fi faɗi da laushi, amma ƙarar janareton maƙwabci za ta shigo maka, kuma na kusa da kai zai ji abin da kake ji.

Tunda ka ce da waya da kwamfuta kake aiki, ɗauki Sony in mita ta wanke shi. Sosonsa ana samun sabo, kuma na 7506 yana shiga. In kuwa ka zare soson AKG ka ga da'irori 6, ni a wurinka shi zan fara biya, ko da ban mallaki amfilifaya ba tukuna. Robar da ke riƙe madaurin kansa ta kan saki saboda tsufa har ya riƙa zamowa kan kunne. Kowane tela yana da irinta, amma ka nuna wa mai kayan ita lokacin ciniki.